Yadda muka tattara sa hannu don tsayar da ɗan takarar kansila a Bronx

A birnin New York ba a sayen fom ɗin takara. Duk wanda yake son sunansa ya fito a takardar ƙuri'a, ko kujerar magajin gari yake nema ko ta kansila, sai ya kawo wa Hukumar Zaɓe sa hannun masu zaɓe a kan wata takarda ta musamman, cikin 'yan makonnin da doka ta ƙayyade. Wanda ya saba da tsarin Najeriya, inda jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa a kan naira miliyan 100 a 2022, zai ɗauka abin mai sauƙi ne tunda hukuma ba ta karɓar ko sisi. Wahalar tana wani wuri daban. A zaɓen 2025 ni aka ɗora wa alhakin haɗa kan masu tattara sa hannu na wani ɗan uwanmu ɗan Afirka ta Yamma da ya nemi jam'iyyar Democrat ta tsayar da shi takarar kansila a ɗaya daga cikin mazaɓun Bronx, wadda gunduma ce a cikin birnin, kuma na rubuta wannan bayani ne domin duk wanda zai shiga irin aikin nan gaba ya shiga da idonsa a buɗe.

Majalisar Birnin New York tana da kujeru 51, kuma mai neman ɗaya daga cikinsu yana buƙatar sa hannu 450 masu inganci. Mai neman shugabancin gunduma irin Bronx yana buƙatar 2,000, mai neman magajin gari kuma 3,750. Da aka karanta mana waɗannan alƙaluma a zaman farko da muka yi cikin watan Janairu, wasu daga cikin dattawanmu suka ce ai Juma'a biyu ta isa, domin masallaci ɗaya kan tara fiye da haka. Lauyan da ɗan takarar ya ɗauka, wanda harkar dokar zaɓe ce sana'arsa, ya bari aka gama murna, sa'an nan ya yi bayanin wanda doka ta yarda ya sa hannu. Dole ne ya kasance ɗan ƙasar Amurka, ya yi rajistar zaɓe, yana zaune a cikin mazaɓar, kuma a rajistar tasa ya rubuta cewa shi ɗan jam'iyyar Democrat ne. Mai katin izinin zama na dindindin yana iya ba ɗan takara gudummawar kuɗi, amma ba ya iya sa hannu, ko da ya shekara talatin a unguwar yana biyan haraji. Akwai dokar da majalisar birni ta yi don ba irin waɗannan mutane damar yin zaɓen birni, amma ba ta taɓa fara aiki ba, kuma a watan Maris na 2025, muna tsakiyar aikin, babbar kotun jihar ta soke ta. Daga nan lauyan ya ƙara da abin da ya fi kashe mana jiki, wato kada mu kuskura mu tsaya a kan 450, mu nemi ninki biyu zuwa uku, domin abokan hamayya za su bi takardun layi-layi suna neman abin da za su soke.

Sharaɗin jam'iyya shi ne ya fi cin mutanenmu. A jihar New York, zaɓen fid da gwani na 'yan jam'iyya ne kaɗai, kuma wanda ya riga ya yi rajista yana son sauya jam'iyya, ko yana son shiga wata bayan a da bai zaɓi kowace ba, sai takardarsa ta isa hukuma zuwa 14 ga Fabrairu kafin ta yi masa amfani a wannan shekara. Da yawa daga cikin 'yan uwa sun yi rajista ne ranar da suka yi rantsuwar zama 'yan ƙasa, ko ranar da suka je sabunta lasisin tuƙi, kuma da suka iso wurin da ake tambayar jam'iyya suka tsallake, wasu don gudun shiga rigimar da ba su sani ba, wasu don ba wanda ya yi musu bayani. Mutum yana jefa ƙuri'a a duk zaɓen shugaban ƙasa, yana ganin kansa cikakken ɗan Democrat, amma a littafin hukuma ba shi da jam'iyya. Makonnin da suka rage mana kafin 14 ga Fabrairu mun kwashe su ne muna zaunar da mutane ɗaya bayan ɗaya, muna shigar da suna da ranar haihuwa a shafin intanet na Hukumar Zaɓe ta jiha, inda kowa yake iya ganin matsayin rajistarsa da jam'iyyarsa da mazaɓarsa. Waɗanda muka samu a kan lokaci sun cike sabon fom. Waɗanda suka zo bayan ranar ta wuce sai haƙuri muka ba su.

A cikin wannan lokaci ne na je ofishin hukumar na Bronx da ke kan titin Grand Concourse domin neman jerin masu rajista da taswirar mazaɓa. Na ɗan jira a layi, na cike takarda mai nuna cewa don harkar zaɓe za a yi amfani da jerin, aka kuma yi mini bayanin yadda zan karɓa. Taswirar ta fi ƙarfin a yi mata kallo ɗaya a ajiye. An sake shata iyakokin mazaɓun a 2022, kuma akwai titunan da iyaka ta bi ta tsakiyarsu, wanda ke hannun dama yana cikin mazaɓarmu, maƙwabcinsa na tsallaken titi yana wata. Ɗaya daga cikin masallatan da muka fi dogara da su yana cikin mazaɓar, amma akasarin masu salla a cikinsa daga wasu unguwanni suke zuwa. Ɓangaren kuɗi kuwa wata hukuma ce daban take kula da shi, wato Hukumar Kula da Kuɗin Yaƙin Neman Zaɓe ta birni, wadda take ninka ƙananan gudummawar mazauna birni sau takwas ga wanda ya cika sharuɗɗanta. Ma'ajinmu ne ya riƙe wannan, ni dai abin da ya shafe ni shi ne in kai masa rasidin duk abin da aka kashe, har na biro.

Takardar kanta a wurin masu ɗab'i da suka saba aikin aka buga ta. Ta Democrat koriya ce, shi ya sa a watan Maris za ka ga mutane a bakin tashar jirgin ƙasa riƙe da dogayen korayen takardu. A samanta akwai sunan ɗan takara da adireshinsa da kujerar da yake nema da ranar zaɓe, da sunayen mutum uku 'yan jam'iyya da za su cike gurbi idan ɗan takarar ya janye ko ya rasu. A tsakiya akwai layukan da mai zaɓe zai rubuta kwanan wata da sa hannunsa da adireshinsa. A ƙasa kuma akwai bayanin shaida, wanda shi ne zuciyar takardar. Shaida shi ne wanda ya riƙe takardar, ya ga kowane mutum ya sa hannu a gabansa, kuma dole shi ma ya kasance mai rajista a jihar kuma ɗan jam'iyyar, ko kuwa jami'in da jiha ta ba lasisin tabbatar da sa hannu. Doka ta ɗauki wannan bayani daidai da rantsuwa, wanda ya yi ƙarya a ciki hukuncin rantsuwar zur ne a kansa. Lauyan ya zaɓi takarda mai layuka kaɗan maimakon mai layuka da yawa, ya ce idan shaida ya yi kuskure a ƙasa, duk sa hannun da ke kan shafin suna iya tafiya tare, saboda haka gara shafi ya zama gajere.

Ranar Talata 25 ga Fabrairu doka ta buɗe ƙofa, kuma duk sa hannun da aka yi kafin ranar ba shi da amfani. Lauyan ya nace mu fita tun wannan safiya, kuma dalilinsa mai ƙarfi ne. Mai zaɓe ɗan takara ɗaya kawai yake iya sa wa hannu a kan kujera ɗaya. Idan ya sa wa mutum biyu, wanda kwanan watansa ya riga shi ake ƙirgawa, idan kuwa rana ɗaya ya yi duka biyun, ba a ƙirga ko ɗaya. Shekarar kuma ta haɗa zaɓen magajin gari da sauran kujerun birni, saboda haka titi ya cika da masu neman sa hannu, wasunsu ma biyansu ake yi, kuma mutane da yawa sukan sa hannu su wuce ba tare da sun karanta sunan da ke sama ba. Sanyin ƙarshen Fabrairu bai taimaka ba. Biro yakan ƙi rubutu, yatsu su ƙage, mai wucewa kuma ba ya son cire safar hannu. Bayan 'yan kwanaki azumi ya kama, ya kuma cinye kusan duk watan Maris. Da aka matsar da agogo gaba ranar 9 ga Maris, shan ruwa ya koma wajen ƙarfe bakwai na yamma, daidai lokacin da mutane suke dawowa daga aiki kuma aka fi samunsu a gida. Sai muka raba aikin: waɗanda ba sa azumi a cikin tawagar suka riƙe yamma, mu kuma muka riƙe safiya da bayan Juma'a da bayan sallar asham.

Tsayuwa a ƙofar masallaci tana cika takarda da sauri, amma da muka zauna da dare muka gwada sunayen da jerin hukuma, sai muka ga ribar kaɗan ce. Kowa yana son ya taimaki ɗan uwa, kuma kunya ba ta barin mutum ya ce ba shi da rajista a gaban jama'a, sai ya karɓi biro ya sa hannu. Wata Juma'a wani dattijo da kowa yake girmamawa ya sa hannu, sa'an nan ya gangara layi na gaba zai sa wa uwargidansa. Na riƙe gefen takardar na ce, "Baba, a yi haƙuri, sai dai Hajiya ta sa da hannunta." Ya dube ni ya ce, "Yaro, ni na biya sadakinta, kuma na san ba za ta ƙi ba." Na ce masa, "Gaskiya ne, Baba, amma ni zan yi rantsuwa cewa a gabana ta sa. In an yarda, gobe zan turo ƙanwata gida da takardar." Ya yi dariya, ya ce Amurka ƙasar takarda ce, ya ba ni lambar ɗakinsu. Ba don tsananin ƙa'ida na hana shi ba. Rubutu iri ɗaya a layi biyu masu bin juna shi ne abin da masu ƙalubale suka fi saurin gani, kuma idan alƙali ya gamsu cewa maguɗi ya ratsa takardun, yana iya soke su baki ɗaya ko da sa hannun kirki sun zarce adadin da ake nema.

Daga mako na biyu muka juya akalar aikin zuwa bin gidaje da jerin hukuma a hannu. Wannan hanya tana da jinkiri da gajiya, domin gine-ginen Bronx da yawa hawa biyar ne ko shida, wasu ba na'urar hawa, kuma kana iya ƙwanƙwasa ƙofa goma a buɗe maka biyu. Amma wanda ya buɗe ka riga ka san sunansa yana cikin littafi, jam'iyyarsa daidai ce, kuma gidansa yana cikin mazaɓa. A nan ne kuma muka ga iyakar yawanmu. Akasarin ƙofofin da muka ƙwanƙwasa na 'yan Dominika ne da 'yan Puerto Rico da baƙaƙen Amurka, kuma wata baiwar Allah mai jin Sifaniyanci da ta shigo tawagar ta kawo sa hannu masu inganci fiye da kowa a cikinmu. Matanmu su ma sun buɗe ƙofofin da namiji ba zai shiga ba, musamman da hantsi lokacin da magidanta suka fita.

Sunaye sun ba mu aiki na musamman. Mutumin da unguwa ta sani da Alhaji wane, a rajista wani suna ne daban, wanda yake kan fasfo. Muhammad ɗaya yana iya fitowa da rubutu iri huɗu, gwargwadon ko daga Kano mai shi ya zo, ko daga Yamai, ko daga Kumasi. Mace ta yi rajista da sunan mahaifinta, yanzu tana sa hannu da na mijinta. Wani ya sauya gida cikin unguwar bai sanar da hukuma ba, saboda haka mai dubawa ba zai same shi a adireshin da ya rubuta ba. Muka riƙa roƙon kowa ya sa hannu yadda ya sa a ranar rajista, ya kuma rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a ƙasa domin a iya karantawa. Kowane dare mukan zauna a bayan shagon wani ɗan uwa, shaidu su cike nasu ɓangaren a gabana. Adadin da shaida zai rubuta dole ya dace da sa hannun da ke kan shafin, kwanan watansa kada ya riga na mutum na ƙarshe, kuma duk inda aka soke kwanan wata aka gyara sai ya sa baƙaƙen farko na sunansa a gefe. Shaida kuma ba ya shaidar sa hannun kansa, sai ya sa a takardar wani. Wani matashi mai himma ya bar takardarsa a kan kantar shago domin masu saye su riƙa sawa. Ta cika fal, amma lauyan ya cire ta gefe, domin ba wanda zai iya rantsuwa cewa a gabansa aka yi.

Ƙaramar Salla ta faɗo ranar Lahadi 30 ga Maris a yawancin masallatanmu, washegari kuma aka buɗe karɓar takardu, daga 31 ga Maris zuwa 3 ga Afrilu. Yinin Salla a kan tebur muka ƙarasa shi. Aka jera shafuka, aka sa wa kowanne lamba bi da bi, aka huda aka ɗaure su kundi-kundi, aka rubuta a kan kowane kundi lambar shaidar da hukumar ta ba mu tun da farko. Lauyan da kansa ya cike takardar bango, wadda take bayyana sunan ɗan takara da kujera da jam'iyya da kundayen da aka kawo. Ya ce kuskure a wannan shafi guda yana iya fitar da mutum daga takara, ko da yake hukumar takan aiko da sanarwa ta ba da kwanakin aiki uku a gyara. Muka ɗauki hoton kowane shafi kafin a ɗaure. Ba a ofishin Bronx ake miƙawa ba, sai a hedikwatar hukumar da ke lamba 32 a titin Broadway, can ƙasan Manhattan. Kuɗin jirgin ƙasa a 2025 dala 2.90 ne, kuma na rungume jakar a ƙirji tun daga Bronx har muka sauka. A ranar ƙarshe ofishin yakan kai har sha biyun dare, amma mun ƙi jiran wannan rana. Mun tarar da layi, lauyoyi da wakilan 'yan takara kowa da kwalinsa. Da aka zo kanmu ma'aikaci ya karɓi kundayen, ya buga musu hatimin rana da lokaci, shi ke nan. Aikin mako biyar ya bar hannunmu cikin 'yan mintoci, kuma abin da na ji a lokacin ya fi kama da fargaba fiye da murna, domin daga nan ba sauran gyara a shafukan sa hannu.

Doka ta ba duk ɗan jam'iyya mai rajista a mazaɓar kwana uku daga ranar miƙawa ya shigar da ƙorafi na gaba ɗaya, sa'an nan kwana shida bayan haka ya kawo bayani dalla-dalla, ya kuma aika wa ɗan takara kwafi. An shigar da ƙorafi a kanmu da sunan wani mai zaɓe da ba mu taɓa jin sunansa ba. Takardun da suka iso shafi-shafi ne, kowane layi da gajerun baƙaƙe a gabansa: NR na nufin ba rajista, NE ba ɗan jam'iyya ba, OD wajen mazaɓa, SAP ya riga ya sa wa wani. Muka koma ofishin Bronx, inda akwai kwamfutocin da jama'a suke iya duba rajistar mai zaɓe har da hoton sa hannunsa, muka riƙa bin layukan da aka soke muna ware waɗanda za a iya ceto. Ma'aikatan hukumar su ma suka yi nasu binciken, bibbiyu, ɗaya daga kowace babbar jam'iyya, suka fitar da rahoto. Abin da rahoton ya nuna bai saɓa wa lissafinmu na dare ba: shafukan ƙofar masallaci da na bakin tasha su suka fi zubewa, na bin gidaje kuma kusan duk suka tsaya. A zaman kwamishinonin hukumar, waɗanda su goma ne, biyu daga kowace gunduma, mun daɗe a zaune ana kiran wasu shari'u, tamu kuwa ba ta ɗauki lokaci ba. Aka karanta adadin da ya rage, ya haura 450, aka tabbatar da takardar. Masu ƙorafin suna da damar zuwa kotun jiha cikin kwana 14 daga ranar rufe karɓa, kuma lauyan ya riga ya shirya shaidunmu ko da za a kira su, amma wa'adin ya wuce ba sammaci. Sunan ɗan takararmu ya fito a zaɓen fid da gwani na 24 ga Yuni.

Ga wanda zai yi wannan aiki nan gaba, ra'ayina shi ne aikin gaskiya yana farawa ne tun kafin a buga takarda. Watannin Disamba da Janairu su ne na zaunar da jama'a a duba rajista, a gyara adireshi, a cike gurbin jam'iyya kafin 14 ga Fabrairu, domin wanda ba ya iya sa hannu shi ne kuma ba zai iya jefa ƙuri'a a zaɓen fid da gwani ba, kuma a mazaɓun Bronx da yawa wannan zaɓe shi ne yake yanke hukunci tun kafin Nuwamba. Lauya shi ne ya fi cin kuɗi a cikin abin da muka kashe, ya fi ɗab'i da sufuri da abincin masu aiki a haɗe, amma ban ga hikimar tsuke hannu a nan ba. A ware mutum ɗaya wanda aikinsa kawai duba shafuka ne kowane dare, kada a tara su sai mako na ƙarshe, lokacin da shaida ya yi tafiya ko ya manta wanda ya gani. A kuma lura cewa ranakun suna sauyawa kowace shekara, kuma majalisar jiha takan taɓa adadin, kamar yadda aka rage na kansila zuwa 270 a 2021 saboda annobar korona, saboda haka kalandar da Hukumar Zaɓe ta jiha take fitarwa ita ce abin dogaro.

Wanda ba ya son bi ta jam'iyya yana da wata takardar daban ta ɗan takara mai zaman kansa, wadda ake tattarawa daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu. A kanta duk mai rajista a mazaɓar yana iya sa hannu ko da ba shi da jam'iyya, muddin bai riga ya sa wa wani a kan wannan kujera ba, sai dai sunan ɗan takarar a babban zaɓen Nuwamba zai fito kai tsaye. Koriyar takardar kuwa ita ce ake amfani da ita a shekarun da ake zaɓen 'yan majalisar jiha, inda kujerar majalisar wakilai ta jiha take buƙatar sa hannu 500, ta dattawan jiha 1,000, ta majalisar wakilan tarayya kuma 1,250.